Kwamfutar Malam a Gindin Randa

Bana bazara ta yi tsawo. Kullum da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, sai iska ta taso ta watsa shi. Jiya 'yata Zainabu ta zo daga Kano, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta buɗe kwamfutarta tana aikin makarantar da take koyarwa. Ina gefe ina tsince shinkafa sai na ji abin ya yi wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas. Ta ce, "Ba komai ba ne, Umma, fankarta ce." Ni kuwa sai da na ajiye farantin, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na san irin wannan ƙarar tun Zainabu tana goye a bayana.

A lokacin muna Tudun Wada, wajen ƙarshen mulkin soja, shekarun da mai ya yi wuya. Mijina, Malam Isuhu, malamin dabbobi ne. An sa shi wani aiki na bin rugage tun daga gefen Falgore har bayan Doguwa, ya rubuta shanun kowace ruga, da waɗanda aka yi wa allura, da inda suke shan ruwa. Da wannan rubutun za a san inda za a haƙa rijiyoyi. Rani guda ya yi yana wannan yawo a kan babur, kuma kowace tafiya sai ya ratsa dajin. A shekarun nan 'yan fashi da rana tsaka suke tare hanya. Sau biyu yana tarar da motar da suka gama da ita, mutane zaune a bakin titi babu ko takalmi. In ya fita ranar Asabar, abinci ba ya shiga cikina sosai sai na ji ƙarar babur ɗinsa ranar Alhamis.

Ranar da ya gama zagayen, ya sauke littattafai shida a kan tabarma, duk sun yi jar ƙasa, ya ce, "Rabi, ni da daji mun yi sallama. Saura aikin zaune." Na yi sadakar ƙosai washegari.

Aikin zaunen shi ne ya kwafe abin da ke cikin littattafan ya zuba a kwamfutar da ofis ya ba shi, kafin damina ta zauna masu aikin su zo su karɓa. Irin wadda ake ninkewa ce kamar akwati, ruwan toka, mai nauyi. Inna, mahaifiyarsa, da muke zaune tare, ta zagaye ta tana kallo.

"Wannan akwatin ne aka ce ya fi ka kai?"

"Ba ta fi ni ba, Inna. Ita dai ba ta mantuwa."

"To, Allah ya sa. Ubanka ma haka ya ce min game da kansa."

Zafin shekarar ba a magana. Da hantsi ƙasa ta fara cin ƙafa. Kaji su buɗe baki su kwanta a gindin bango. Rijiyar gidanmu ta ja baya, sai an jira ta tsatso: guga biyu da asuba, guga ɗaya da la'asar, shi ma rabinsa laka. Da shi za a yi tuwo, a yi alwala, a wanke wa yarinya. Rumbu ya yi ƙasa, Inna ce take auna dawar da hannunta, tuwo ya koma sau ɗaya a rana, da rana kuma a dama garin ɗorawa a sha. Wutar lantarki takan yi kwana uku ba ta zo ba. In aka kawo, duk inda Malam yake sai ya sheƙo gida ya jona kwamfutar, ya zauna daga shi sai singileti, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana danna harufa da yatsu biyu.

Ita ma na'urar zafi take ɗauka. Ƙasanta ya yi kamar dutsen guga. Wata rana yana cikin aiki ta mutu da kanta, sai da ta huce ta tashi. Ya miƙo min ita ya ce, "Zafi ne yake damunta. In na gama, ki riƙa nema mata wuri mai sanyi."

Ni 'yar garin Ƙofa ce, kuma mahaifina goro yake sayarwa. Tun ina ƙarama na san yadda ake yi da abin da ba ya son zafi: a jiƙa algarara, irin buhun da ake ɗaure goro, a matse, a lulluɓe shi. A rumfar da nake girki akwai randarmu, an binne gindinta a cikin yashi mai danshi. A nan goron Inna yake, a nan man shanu yake. Duk gidan babu inda ya kai nan sanyi. Saboda haka kullum in Malam ya gama ya fita masallaci, sai in jiƙa algarara in naɗe kwamfutar, in kwantar da ita a kan yashin, in kifa mata masaki saboda kaji. Moɗa guda nake ragewa daga ruwan wankana don wannan. Da safe in warware ta, in goge ta da zani, in kai masa ɗaki. Yakan taɓa ya ce, "Kai, sanyi ƙalau. Sannu, Rabi." Bai taɓa tambayar inda take kwana ba, kuma namiji ba shi da abin yi a bayan randa. Ni kuma ina jin daɗi, ina ganin ga nawa hannun a cikin aikin.

Bayan kamar mako uku, wata safiya ya kunna sai ta yi ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa kwano da cokali. Fuskarta ta tsaya baƙa, da layi ɗaya na Turanci. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Ƙarshe ya ɗauke ta zuwa Kano wurin Habu, ɗan ƙanwar Inna, wanda gyaran irin waɗannan na'urori ne sana'arsa. Ya dawo ya nuna min abin da ya mutu: wani ƙarfe mai kama da kwalin sigari, wai a cikinsa akwai faifan da na'urar take ajiye duk abin da aka rubuta mata. An sa sabo. Aikin mako uku ya tafi.

"Ba komai," in ji shi. "Littattafai suna nan."

Ya sake daga farko. Ni kuma na ƙara ƙoƙari, don na ɗauka sanyin ne bai isa ba. Na riƙa jiƙa algarar sau biyu.

Faifai na biyun bai kai wata ba ya mutu, da irin ƙarar nan. A wannan karon Malam ya dawo daga Kano bai yi wasa da Zainabu ba. Ya ce a ofis an fara yi masa wani irin kallo, wai shi kaɗai ne tasa take cin faifai. Habu ya ce watakila girgizar babur ce, ko wutar da ake kawowa da ƙarfi. Ya ba shi wasu ƙananan fayafai masu kusurwa huɗu, ya ce kullum ya kwafe aikin ranar a cikinsu, ko da ta sake. Malam ya daina ɗora ta a babur, ya samo wani akwatin daidaita wuta. Ƙananan fayafan kuwa ya zuba su a gwangwanin alewa ya ce in ajiye su tare da ita. Na tura gwangwanin cikin yashin har wuya.

Yanzu Zainabu tana ce min abin da suka rubuta ba ya ɓata, wai yana can ajiye a wani wuri ko da na'urar ta faɗa rijiya. A lokacin ba haka ba ne. Abu yana hannunka ne ko kuma babu shi.

Karo na uku ya kai ƙarshe. Ya rufe littafi na shida ranar wata Laraba, ya miƙe yana murza baya, ya ce in dafa masa shayi. Direban ofis ya zo ya karɓi littattafan ya kai su ɗakin ajiya a Doguwa, don haka dokar aikin ta ce. Saura kwana goma masu karɓa su zo.

A cikin kwanakin nan ruwan farko ya sauka. Ya zo da iskar da ban taɓa gani ba, ta kwashe dangarmu ta kai gidan maƙwabta. Bayanta ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Muka fito da duk wani abu mai baki, tukwane, bokitai, har kwanon sha. Ƙanshin ƙasa ya cika gida. Da gari ya waye babu namiji a unguwa, kowa yana gona. Inna ta buɗe tulun iri, ni na ƙulla a tsumma, Malam ya saɓa sungumi ya bi maƙwabta, yau a shuka ta wannan gobe ta wancan. Ya dawo da laka har gwiwa yana dariya. Wannan ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji ta fito daga ciki.

Kwana biyu bayan haka direban ya tsaya a ƙofar gida. Iskar ta yaye rufin ɗakin ajiyar Doguwa. Takardun da ke ciki duk sun zama kunu, har da littattafai shida.

Malam ya shigo ya ce, "Ba komai. Yana cikin kwamfuta, yana cikin fayafai. Kawo min ita in duba."

Na je na warware ta na goge na kawo. Ya danna. Ƙas, ƙas, ƙas.

Na san abin da ƙarar take nufi, shi ma ya sani. In abin da ke ciki bai fito ba, babu wani wurin da rubutun ya rage sai bakin Fulanin da suka faɗa masa, a can bayan daji.

Bai yarda ya ɗauke ta a mota ba. Ya aika Habu ya zo da kansa, ya iso da hantsi da jakar kayan aiki da tasa kwamfutar. Ya gaida Inna a durƙushe, ya juyo gare ni.

"Matar Yaya, me kike ba ta ne take ta mutuwa? Ko tuwon dawa ne bai karɓe ta ba?"

"Kai dai ka tashe ta, in yanka maka zakara."

"Kin ji, Inna, ke ce shaida."

Suka zauna a inuwar ɗaki. Babu wuta, sai da aka ciro batirin motar da ta kawo shi. Ya fito da wasu fayafai masu lamba, ya ce da su ake farfaɗo da na'ura in ta manta yadda ake tashi. Ya sa na ɗaya, ta haɗiya, ta nemi na biyu. Wani farin layi ya fara tafiya a fuskarta a hankali. Ina bakin murhu amma idona yana can. Na uku, na huɗu. Malam yana jan carbi. A na bakwai layin ya tsaya. Suka jira har inuwa ta matsa, suka ja tabarma suka bi ta. Sai fuskar ta koma shuɗiya da rubutu. Habu ya sake daga na ɗaya. A na bakwai ta kuma tsayawa. Sau uku ana haka.

"Yaya, akwai hanyar da zan tilasta mata ta tashi," in ji Habu, "amma za ta share duk abin da ke ciki."

"To me na samu?"

"Shi ne ai."

Bayan azahar ya kwance ta, ya ciro ƙarfen nan ya jona a tasa kwamfutar. Ya kara kunne a jikinsa kamar mai sauraron cikin mara lafiya. Can sai wasu sunaye suka jeru a fuskar. Malam ya zabura.

"Ga su nan! Rugar Arɗo Buba, ga Rugar Tsamiya, ga su duka! Kwafe, Habu, kwafe!"

Habu ya danna. Na ji ƙas, ƙas, daga inda nake. Sunayen suka tsaya kamar minti ɗaya, sannan suka ɓace. Duk abin da ya yi bayan nan ba su sake fitowa ba.

"Ina ƙananan fayafan?" in ji Habu. Na kawo gwangwanin, na riga na goge yashin jikinsa. Ya sa na farko, ta ƙi. Ya sa na biyu, ta ƙi. Ya ja ɗan ƙarfen bakin ɗaya ya ɗaga shi a rana, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗauki sukundireba ya buɗe cikin kwamfutar gaba ɗaya. Ya kira Malam ya nuna masa da tsinke.

"Yaya, a rafi kake wanka da ita?"

"Wane irin rafi?"

"Dubi tsatsa. Dubi wannan kore-koren. Fayafan ma fumfuna ce a jikinsu. Wannan ba zafi ba ne, ba wuta ba ce, ba babur ba ne. Danshi ne."

"Ai an yi ruwa."

"Ruwan kwana biyar ba ya yin wannan. Wata da watanni ne. Abu ya ɗau zafi, a sa shi cikin laima, gumi ya kwanta masa a ciki, gobe a kunna. Ko sabo dubu aka sa, haka zai mutu. Ina take kwana?"

"A ɗaki mana," in ji Malam. Da gaskiyarsa ya faɗa.

Muciya tana hannuna. Randar tana bayana, taku biyu, algarar a jiƙe a kan masaki. Na buɗe baki, sai Inna ta ce, "Danshi a bazarar da kare ya rasa inda zai lasa? Ni tun farko na ce abin nan ba na arziki ba ne." Habu ya yi dariya, aka wuce maganar. Tuwon ranar ya yi gudaji, babu wanda ya ce min komai.

Ofis bai tilasta masa ba. Sun ce in babu rubutu za a cire yankin daga aikin bana. Shi ya ce zai koma. Inna ta yi kuka, ta ce damina ce, rafuka sun kawo, ciyawa ta rufe gefen hanya, ɓarayi sun samu wurin ɓuya. Ya ce, "Inna, na zauna a tabarmarsu, na sha nononsu, na ce musu za a haƙa rijiya. Mako uku ne in Allah ya so."

Kwana biyu ina ɗauke da maganar. Safiyar da zai tafi, ya dawo daga masallaci yana ɗaure sababbin littattafai a leda, Inna tana ɗakinta tana lazimi. Na ce, "Malam, zo ka ga wani abu." Na kai shi bayan randa. Na ɗaga masakin. Shatin kwamfutar yana nan a kan yashin, da ramin gwangwanin.

Ya tsuguna ya taɓa algarar.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ce."

"Ruwan fa? A ina kike samu?"

"Na wankana nake ragewa."

Ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa. Na ɗauka faɗa zai yi, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

"Kada ka tafi," na ce. "Ka gaya musu ni ce. Su yi min abin da za su yi."

"In na gaya musu, rubutun zai dawo?" Ya miƙe ya karkaɗe hannunsa. "Ni na ce ki nemi wuri mai sanyi, ban kuma taɓa tambaya ba. Rabi, maganar nan ta tsaya a nan. Ko Inna kada ta ji. Kin yi min alkawari?"

Na ɗaga kai.

"Da baki."

"Na yi."

Ya ɗauki Zainabu ya ɗaga ta sama, ya miƙo min ita, ya tura babur ya fita.

Damina ta zauna. Dawa ta ƙare a rumbu, muka koma kwaɗon rama da tafasa. Maƙwabta suka yi gayya suka yi masa noman fari, na dama musu kunun kanwa da ɗan abin da ya rage. Alhamis ta farko ya dawo, jiƙe sharkaf, da littattafai biyu cike. Alhamis ta biyu ma ya dawo, ya rame, ya ce saura rugage bakwai. Alhamis ta uku na ɗora ruwan wankansa tun la'asar. Ya huce, na sake ɗorawa. Juma'a ta wuce. Asabar aka wuni ana ruwa, na ce wa Inna rafi ne ya tare shi, ita ma ta ce min haka.

Ranar Lahadi da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Na ji sallamar baƙuwar murya, da Hausar da ta karkata irin ta Fulani. Arɗo Buba ne da mutum biyu. A hanyar dawowa ne aka tare Malam, a cikin dajin, a wata kwana. Masu kiwo ne suka gan shi. Sauran abin da suka faɗa ba zan rubuta ba. An ɗauke babur, an ɗauke agogo. Littattafan suna cikin rigarsa a ledarsu, ruwa bai taɓa su ba. Arɗo ya miƙa wa Inna da hannu biyu, ya ce Malam ya gama duka bakwai ɗin.

Mutanen ofis sun zo gaisuwa suka tafi da littattafan. Na ji daga baya an haƙa rijiyoyi a wasu rugagen. Ban taɓa zuwa na gani ba.

Da na fita takaba 'yan'uwana suka zo daga Ƙofa su tafi da ni, na ce ba zan bar Inna ba. Shekara tara muka yi tare. Babu watan da zai wuce ba ta tsine wa akwatin nan ba, da wanda ya ƙera shi, da wanda ya kawo shi gidanmu. Takan ce, "Shi ya ci min ɗa, Rabi." Ni kuma in ce, "Allah ya jiƙan Malam, Inna." Sau da yawa maganar ta zo min har maƙogwaro, in tuna na faɗa da baki.

A ciwonta na ƙarshe, ina ba ta kunu da cokali, ta riƙe min hannu. Ta ce, "Rabi, kin riƙe ni kamar ke na haifa. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban san abin da zan yafe ba, don ba ki taɓa yi min komai ba."

Na ce, "Na gode, Inna." Na ɗebo wani cokalin na kai bakinta.